Makaro ɗaya bai isa ya mayar da shiri baya ba

Baƙon da ya shiga unguwar Milezi ta birnin N'Djamena yana iya samun kwatance iri biyu. Wani zai ce masa: "Daga bakin masallaci, gida na biyar." Wani kuma ya ce: "Daga inda kake tsaye, gida na uku." Na farko yana buƙatar sananniyar alama, na biyu kuwa ba ya buƙatarta. Haka manyan kwamfutocin IBM suke gano adireshi a ma'ajiyarsu.

Tun fitowar System/360 a 1964, mai rubuta shiri da harshen asembla yakan keɓe rajistar tushe, wadda ita ce alamar, sannan ya ƙirga tazara daga gare ta. Tazarar ba ta kai wa bayit 4,096, rajistocin kuma 16 ne kacal, don haka dogon shiri yakan cinye uku ko huɗu. Daga baya aka samar da umarnin tsalle mai ƙirgawa daga inda shiri ya tsaya, aka ƙara LARL a 2000. Sai aka fara rubuta shiri maras tushe.

Matsalar tana tasowa daga makaro, wato gajeren suna da asembla ke warwarewa ya zama jerin umarni. Tsofaffin makaro da yawa an gina su a kan zaton akwai tushe. Idan babu, asembla ya ƙi aiki, ya fito da saƙon ASMA307E. A nan wasu ke karaya, su mayar da shirin duka kan tsohon tsari. Wannan kuskure ne, domin an rushe gida saboda ƙofa ɗaya.

Magani yana hawa-hawa. Da farko a sanar da matakin na'ura ta hanyar SYSSTATE, domin makaro da dama su fitar da sabon salon umarni da kansu. Sannan IEABRCX yana juya tsohon tsalle ya koma sabo. Bayan haka a raba bayanai da umarni ta amfani da MF=L da MF=E, a bar tushe ɗaya ga bayanai kawai. Idan makaro ya ci gaba da gardama, a ara masa tushe na ɗan lokaci: PUSH USING, a cika rajista da BASR, a ayyana USING, a kira makaro, a rufe da POP USING. Sai dai a guji rajista 0, 1, 14 da 15, domin makaro na tsarin kan sauya abin da ke cikinsu.

Masu suka suna cewa wannan ƙarin wahala ne. Gaskiya ne, amma layi huɗu ne a wuri guda. Tushen da aka shimfiɗa wa shiri duka kuwa yana riƙe rajista har ƙarshe, kuma ranar da shirin ya zarce iyakarsa, wanda ya gaje shi ne zai biya bashin.