Ra'ayinmu: Kogin Kaduna Ba Iyaka Ba Ne

Kullum dubban mutane suna ƙetare gadar Kogin Kaduna, daga Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha zuwa ofisoshi da makarantu. Amma mutum nawa ne daga cikinmu suka taɓa sauka suka taka bakin ruwan da ƙafarsu? Wannan kogi kuwa shi ya ba birnin suna, don an ce kadduna, watau jam'in kada, su ne asalin kalmar. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara, kuma wadatar ruwansa tana cikin dalilan da suka sa Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917.

Wanda yake son shan iska a bakin ruwa, wurin da aka fi sani shi ne lambun Ƙofar Gamji, wanda ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina. A nan aka kafa 'yar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta a 1954. Sai dai lambun yana hayin arewa ne. A hayin kudu, inda masaƙu suka tara ma'aikata tun buɗe ta farko a Kakuri a 1957, gaɓar kogin ta zama juji. Shekara da shekaru magudanan masana'antu suna zuba dauɗa a cikinsa. Yawancin masaƙun sun rufe, amma shara ba ta daina zuwa ba, an sare itatuwa, an yi gine-gine a kan hanyar ruwa. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna mana sakamakon haka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tun rikicin 2000 da na 2002, jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi akasari zuwa arewa, Kirista zuwa kudu, har kogin ya zama kamar iyakar ƙasa biyu. Yaran da aka haifa bayan nan sun girma, wasunsu ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya hayin. Fita nesa kuma ta zama abin fargaba, musamman tun harin da aka kai gidan dutse na Kajuru a 2019. Saboda haka wurin shaƙatawa na kusa, wanda talaka zai isa da ƙafa, lalle ya zama bukata.

Shawararmu uku ce. Na farko, gwamnatin jiha ta keɓe gaɓar kudu daga Barnawa zuwa Nasarawa, ta shata hanyar ƙafa, a dasa maɗaci da ɗorawa da gamji, a sa fitilu da masu gadi. A yi haka da shawarar masunta da manoman fadama, don su ne suka san kogin, kuma da shi suke ci. Na biyu, ku 'yan'uwanmu da kuka fara aikin gwamnati, ta teburinku takardun filaye suke bi. Kada ku sa hannu a yanka fuloti a inda ruwa yake kwana da damina. Na uku, mu ɗalibai kada mu jira kowa. Ƙungiyarmu ta shirya tattaki a bakin kogi sau ɗaya a kowane zangon karatu, tare da aikin gayya na kwashe shara da dashen itatuwa, a gayyaci matasan hayi biyu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutanen da suka yi tafiya tare, suka dasa itace tare, da wuya a zuga su su ɗauki makami a kan juna. Allah Ya ba mu ikon farawa.