A kawo taron binciken taba Damagaram

Babban taron duniya kan yaƙi da taba ya zauna a Cape Town a 2018, karo na farko a Afirka, sannan a Dublin a watan Yunin 2025. Masana kan gabatar da bincikensu, su zaga wuraren tarihin birnin, su koma gida. Mu a jihar Diffa labari kawai muke ji.

Alhali matsalar tana ƙofar gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu shanta suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Daga kasuwar Maine-Soroa har bakin Komadugu ana sayar da sigari kara-kara, ana tauna garin taba da kanwa. Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, ɗan Maine-Soroa, amma doka ba ta aiki sai da bincike da sa ido.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da jami'o'in Diffa da Zinder su shirya taro na ƙasa a Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin Nijar har 1926. Baƙi su ga fadar Sarki da unguwar Birni, likitocinmu da malamanmu kuma su auna illar taba a jikin matasanmu, a fassara sakamakon da Hausa da Barbarci a watsa a rediyo.