Mun Yi Dariya, Amma Ba A Wuri Ɗaya Ba

Wata ranar Laraba da dare, bayan an tashi daga addu'ar tsakiyar mako, muka biya gidan wani dattijon ikilisiya a nan Sabon Garin Wudil don mu ɗan taɓa hira. Gidan yana da wutar sola, saboda haka maƙwabta kan taru a can. Muka tarar 'yarsa, wadda ke karatu a jami'a, ta haɗa wayarta da akwatin talabijin, ta sa wani wasan kwaikwayo na Koriya ta Kudu mai suna Love to Hate You, wanda kamfanin Netflix ya fitar a 2023, kashi goma. Tana kallo tana fassara wa iyayen da Hausa.

Labarin ba wuya. Wata lauya ce wadda ta yi rantsuwa ba namijin da zai taka ta, ga ta da iya dambe. Sai ta haɗu da wani shahararren ɗan wasa wanda shi kuma bai yarda da mata ba ko kaɗan. Dole ta sa suka yi soyayyar ƙarya don idon jama'a, daga nan ta zama ta gaske. Kowa ya san inda irin wannan hanya take ɓullewa.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne mutanen da ke cikin ɗakin. Duk lokacin da lauyar nan ta ba namiji amsa ta kashe masa baki, sai ɓangaren mata ya ɓarke da dariya har da tafawa, maza kuwa su yi tsit. Duk lokacin da ta yi laushi, ta rasa ta cewa a gaban saurayin, sai maza su ce yauwa, mata su yi shiru. Can sai maigidan ya ce a kashe, wannan koya wa yara rashin kunya ne. Matarsa, wadda suka yi shekara talatin da wani abu tare, ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce, “Baban yara, bari mu ga ƙarshe mana. Ai yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba.” Ba a kashe ba.

To, ra'ayinmu shi ne uwar gidan nan ta fi mijinta gaskiya, ko da yake shi ma tsoronsa ba na banza ba ne. Kukan da matan cikin waɗannan wasanni suke yi, yawancinsa kukan gidajenmu ne. Maganin da wasannin suke bayarwa shi ne na jabu.

Mu fara da masu cewa wannan magana ta 'yancin mata baƙuwa ce, Turawa da Koriyawa ne suka aiko mana da ita ta waya. Tun 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a Kano, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta don ya sami sabuwa, ta riƙe su da sayar da abinci. A lokacin ba intanet, ba tauraron ɗan Adam a ƙauyukanmu. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta cika gidaje da Daɗin Kowa, inda ake ganin Kirista da Musulmi suna zaman gari ɗaya da rigingimun aurensu, da kuma Gidan Badamasi, inda ake dariyar tsoho mai rowa da tarin 'ya'yan da ya tara daga aure-aure. Ba wanda ya ce waɗannan daga Koriya suka zo. A 2023 kuma shirin tattaunawa na Mata A Yau, a wannan tasha dai, ya tayar da ƙura a arewa baki ɗaya a kan ko dole mace ce za ta fara gaida miji da safe. Gaisuwa kawai! Idan gaisuwar safe za ta hana maza barci mako da makonni, to, akwai abin da ke ƙasa wanda ya fi gaisuwa nauyi.

Mu da kakanninmu suka fito daga gidajen noma na karkarar Kano da Katsina mun fi kowa sanin wannan. A gidan gandu mace takan yi aikin gonar maigida, amma tana da gayaunarta, abin da ta noma a ciki nata ne. Ta sayar ta sayi akuya, akuya ta zama tunkiya, wata har saniya. Maigida ba ya taɓa rumbunta sai da izininta, in ya ci kuwa bashi ne. Wato tun kafin a haifi mai kawo kalmar daidaiton mata da maza, kakarmu ta san abin da ake nufi da dukiyar mace. Yau jikarta malamar asibiti ce ko malamar makaranta, albashinta shi ne gayaunarta, amma sai ka ji wani ɗan'uwa mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ya karɓe katin bankinta ya sa a aljihu, wai shi ne kan gida. Kakansa da bai taɓa shiga majami'a ba bai yi haka ba.

Kuma Wudil ba wurin da za a ce ba a san mace mai aiki ba ne. Ga jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, 'yan mata suna karatun injiniya da aikin gona da kwamfuta. Ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, inda mata ke fareti tare da maza, su fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Wata a cikinsu gobe ita ce za ta riƙe ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma, maza su sara mata. Har zuwa 2012, sai 'yar sanda ta nemi izini a rubuce daga kwamishina kafin ta yi aure, a bincika wanda za ta aura, alhali ba a tambayar ɗan sanda namiji. Babbar Kotun Tarayya a Legas ce ta soke wannan ƙa'ida a shekarar. Waɗanda suka kai ƙarar, irin mutanen nan ne da ake kira masu rajin 'yancin mata, kuma 'ya'yanmu ne suka ci moriyar. Ya kamata mu riƙa tunawa da haka kafin mu yi musu kuɗin goro a kan bagadi.

Yanzu mu dawo ga tsoron dattijon nan, domin yana da tushe, sai dai ya sa shi inda bai kamata ba. Laifin waɗannan wasanni na soyayya da ban dariya shi ne inda suke tsayawa. Za a yi kashi tara ana faɗa a kan wa ya fi wa, a kashi na goma a rungumi juna, a sa kiɗa, shi ke nan. A wasu, macen mai baki ce ake lallasawa har ta gane wai duk surutun nan rashin samun namijin kirki ne. A wasu kuma namijin mai taurin kai ne ƙauna take narkarwa cikin mako biyu, ya wayi gari yana soya ƙwai. Duk biyun yaudara ce. Wanda ya yi aure ya san cewa ranar da aka watse daga biki ita ce ranar da ake buɗe littafin. Wa zai ɗebo ruwa in famfo ya ƙafe? In an yi wa matar canjin wurin aiki zuwa Dutse ko Gaya, wa zai bi wa? Kuɗin makarantar ƙanen miji daga albashin wa za a cire? In duka biyun sun dawo aiki ƙarfe shida a gajiye, wa zai hura wuta? Ba mu taɓa ganin wasan da ya kai nan ba, domin a nan dariya take ƙarewa, mai talla kuma ba ya biyan kuɗin abin da ba dariya.

Koriya ta Kudu ɗin ma da ke sayar wa duniya wannan zuma, a gida abin ba daɗi. Gaba tsakanin samari da 'yan mata ta kai har ta shiga zaɓen shugaban ƙasa na 2022, inda wanda ya ci, Yoon Suk Yeol, ya yi alkawarin rushe ma'aikatar daidaiton mata da maza don ya sami ƙuri'un samari. A 2023 adadin haihuwa a ƙasar ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Mata da yawa sun duba abin da aure zai ci musu na aiki da hutawa, sun ce a kai kasuwa. A talabijin ana sasantawa cikin kashi goma, a titunan birnin Seoul ba a sasanta ba.

Akwai kuma wani abu a wasanninmu na gida da muke so iyaye su sa wa ido, wato mari. Sau nawa muka ga an mari mace, ko mace ta bi miji da muciya, aka sa kiɗan ban dariya a kai, yara suna ƙyaƙyatawa? A Disamba 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero ta Kano kan cin zarafin mata, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ce yakan gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama. Maganar ta zaga ƙasa. Mu dai ramuwa ba koyarwarmu ba ce. Amma mu faɗi gaskiya, me muke ba macen da ta zo gidan fasto da kumburarren ido? Sau da yawa kalma biyu ce, yi haƙuri. A yi addu'a, a mayar da ita. Yarinya in ta yi ciki kafin aure, ana sa ta a horo a gaban jama'a, ta zauna a bencin baya. Mutum nawa muka taɓa gani an hana su jibin Ubangiji don sun doki matansu? Masu karatu su ƙirga a ikilisiyarsu, mu mun ƙirga a tamu, yatsun hannu ɗaya sun yi yawa.

A kowane ɗaurin aure ana karanta Afisawa sura 5. Aya ta 22, mai magana a kan biyayyar mace, mai wa'azi kan yi rabin sa'a a kanta. Aya ta 21 da ke gabanta, wadda ta ɗora biyayyar a kan juna, da ta 25, wadda ta auna ƙaunar miji da mutuwar Almasihu domin ikilisiya, a kan wuce su da gudu kamar motar da ta makara zuwa kasuwar Kara ranar Juma'a. Haka nan macen kirki ta Karin Magana 31, da ake yi wa Zumuntar Mata wa'azi da ita kowace shekara, in aka karanta da kyau za a ga tana sayen gona da kanta, tana ciniki, tana da riba. 'Yan matanmu sun iya karatu, suna ganin abin da aka tsallake. In suka ga majami'a tana karanta rabi, sai su je wurin lauyar Koriya su ji sauran, ita kuwa ba ta san Bulus ba.

Wasu za su ce a bar wa hukuma. A watan Mayu 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a nuna. Wannan aikinta ne. Amma hukumar ba ta da iko da abin da aka yi a Koriya ko Indiya ko Turkiyya, wanda yaro zai tura wa 'yarka a waya a bakin tasha da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Kashe talabijin ɗin falo ba ya hana komai, sai dai ya mayar da kallon cikin ɗaki, ƙarƙashin bargo, inda ba uwa ba uba.

Shi ya sa muke roƙon kwamitocin aure na ikilisiyoyinmu su ƙara wasu tambayoyi a kan waɗanda suka saba. Ana tambayar gwajin jini, ana tambayar baftisma, ana tambayar ko an biya sadaki, duk daidai ne. A zaunar da saurayi da budurwa a tambaye su, a gaban juna, albashinta na wa ne, za ta ci gaba da aiki bayan haihuwa ko kuwa, wa zai yi girki ranar da take aikin dare, kuma me ikilisiya za ta yi masa ranar da ya ɗaga hannu. A sa mace cikin masu tambayar, kada a bar wa dattawa maza kaɗai. In auren zai fashe a kan waɗannan, gara ya fashe a ofishin fasto kafin a ɗinka anko.

Daren nan dai batirin sola ya mutu ana kashi na huɗu, aka watse. Uwar gida ta tashi ta haɗa kwanuka, maigida ya shiga ɗaki da rediyonsa. Da 'yar ta rako mu bakin ƙofa sai ta rage murya ta ce, “Baba, ina da magana.” Ashe saura mata shekara ɗaya ta gama, kuma saurayin da gidan suka amince da shi, ɗan mawaƙa ne a ikilisiya, ya ce mata in an yi aure takardar digirin a akwati za ta zauna. Mahaifinta ya ce ta bi, mahaifiyarta ba ta ce komai ba tukuna. An sa maganar a gaban dattawa wata mai zuwa, kuma mun duba sunayen waɗanda za su zauna, duka bakwai maza ne.