SHARHI: Wa zai gaji maƙeran Wasagu?

A ƙasar Zuru, sana'ar hannu ba a aji ake koyonta ba. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga-zugi tun yana ƙarami, ya yi shekaru yana kallon wuta kafin a miƙa masa guduma. Haka ginin tukwane yake wurin matan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari: 'ya ta ɗauka a hannun uwa, daga kwaɓa yumɓu har zuwa gashi. Makarantar ita ce gida, kuma kasuwar mako ce ke yanke hukunci kan wanda ya ƙware.

Wannan tsari yana buƙatar zama wuri ɗaya, abin da ya yi wa Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu wuya. A watan Yunin 2021, 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a wasu ƙauyukanta. A Nuwamban 2025 kuma aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandare ta Maga. Duk ƙauyen da ya watse, maƙerarsa ta mutu tare da shi. Idan manomi ya kasa zuwa gona, ba ya sayen garma ko fartanya, maƙeri kuwa ba zai riƙe almajiri a kan aikin da babu mai saye ba.

Saboda haka matasan da suka yi hijira zuwa Ribah, Wasagu da Zuru suna bin wata hanyar: walda, ɗinki, kafinta da gyaran waya, a ƙarƙashin maigidan da ba dangi ba. Wannan ya buɗe ƙofa ga wanda bai gaji komai ba. Sai dai yaro yakan gama koyo ba jari, ba takardar shaida, ga tsadar man janareta, daga ƙarshe ya koma acaɓa.

Gwamnati na da tata hanyar. Tun 1986 aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ke tura matasa koyon sana'a wurin masu shaguna. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Tunji Alausa, ta sanar da karatu kyauta da alawus a kwalejojin fasaha. Amma rajista ta intanet da zuwa birni sun fi ƙarfin yaron da ke kwana a gidan dangi bayan an ƙone nasu.

Akwai abin koyi a kasuwar Panteka ta Kaduna, inda hukumar NBTE ta shiga tantance masu sana'a bisa abin da hannunsu ya iya, tana ba su shaida. Da Gwamnatin Kebbi za ta yi haka a masarautar Zuru, ta riƙa biyan tsofaffin maƙera da magina kan kowane almajirin da suka yaye, da kuɗin ya isa inda ilimin yake. Yawancin masu wannan ilimi sun manyanta, kuma babu littafin da aka rubuta shi a ciki.