Kafin Mu Sa Shi A Tirela Mu Mayar Da Shi Gida

'Yan uwa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu da kewaye.

A watan da ya wuce wani ɗan uwanmu mai shayi ya shigo ofishin ƙungiya da ɗan yayarsa, yaro ɗan shekara 16, wata uku kenan da kawo shi daga gida. Buƙatarsa ɗaya ce: a yi wa wani direban tirela magana ya tafi da yaron Arewa in an sauke kaya. Ya ce kofuna sun ƙare a hannunsa, ƙwai ba ya isa kasko lafiya, sau biyu yana zuba wa kansa ruwan zafi a ƙafa, ranar nan kuma ya kifar da shayi a wandon wani kwastoma har sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Hukuncin kawun a yanke yake, ko dai yaron ya fara shan ƙwaya, ko kuma sakarci ne ya yi masa yawa.

Muka miƙa wa yaron biro ya rubuta sunansa a rajista. Ya danne biron har takarda ta huje, haruffa biyar suka ɗauke shi kusan minti ɗaya, gumi ya keto masa a goshi. Ana cikin haka ma'ajinmu ya tambayi kawun bashin nawa yake bin 'yan dako na layinsu. Kawun ya fara lalube a aljihu, yaron kuwa ya jero su da ka, mutum tara, kowa da abin da ya ci da ranar da ya ci. Da muka kira mahaifiyarsa a waya ta ce mana ai haka yake tun yana ƙarami. Bai yi tafiya da wuri ba, duk sa'o'insa sun iya keke shi ya kasa, malamin allo ya gaji da dukansa a kan rubutu. Ashe ba a Fatakwal abin ya same shi ba, da shi ya zo.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Muna cutar da mutane irin wannan yaro, kuma yawanci ba da mugun nufi ba, rashin sani ne. Makaho mun san shi, gurgun da shan inna ya taɓa mun san shi, har sarakunansu muke da su. Amma wanda ƙafarsa biyu, hannunsa biyu, idonsa garau, sai dai jikin ba ya bin umarninsa yadda ya kamata, ba mu da sunan da muke kiransa da shi sai na zagi.

Likitoci kuwa suna da suna. Akwai larurar da suke kira disfiraksiya, wadda ake tasowa da ita tun yarinta. Tsoka lafiya lau, hankali lafiya lau, matsalar tana wajen tsara motsi: ƙwaƙwalwa ta san abin da take so a yi, amma jera matakan da auna nisa da auna ƙarfin da za a sa ba ya zuwa da sauƙi. Mu da muke ɗaukar kofi ba ma tunanin yatsa nawa za mu sa. Shi sai ya yi tunani, kuma da zarar an daka masa tsawa tunanin ya watse. Likitocin yara suna ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 6 cikin 100 'yan shekarun makaranta suna da ita, ta fi yawa ga maza da kuma waɗanda aka haifa bakwaini. Daniel Radcliffe, ɗan Ingilan da ya fito a finafinan Harry Potter, ya faɗa a 2008 cewa yana da ita, ɗaurin igiyar takalmi ma yana ba shi wahala. Ba a warkewa daga ita da allura ko ƙwaya, amma ana koyon zama da ita, kuma horo yana rage ta sosai.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai raunin ƙwaƙwalwa da jariri ke samu in naƙuda ta yi tsawo ya rasa iska, ko shawara ta yi masa tsanani a makon farko, ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai. Wani yakan tashi da sandarewar gaɓɓai, wani kuwa abin kaɗan ne, sai a tafiyarsa ko riƙon cokalinsa za a gane. Iyaye mata su ji wannan da kyau: jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti ake kai shi a ranar, akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta, shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa. Kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayan jarirai ma yana tayar da shawara ga wasu jariran, a raba kayansu da shi. A ɓangaren manya kuma akwai wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki ya tashi amma hannun bai dawo daidai ba, da wanda ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, da mai ciwon karkarwa na Fakinsan. Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na rawa, ya ga irinsa. An gano masa ciwon tun 1984, kuma ba wanda ya ce masa sakarai.

Abin da ya sa wannan magana ta fi damun mu mazauna Kudu shi ne irin sana'o'in da muke karɓar sababbin zuwa da su. Yankan farce, gyaran takalmi, shayi, tsire, fawa, tura baro, ga-ruwa, ɗinkin tafi-da-gidanka. Kowacce a cikinsu reza ce, ko wuƙa, ko allura, ko wuta, ko kaya mai nauyi a kan hanya mai ramuka. A ƙauye irin wannan yaro zai bi awaki ko ya yi noma a hankali, dangi sun san halinsa, ba mai lura. A nan kwana uku ya isa asirinsa ya tonu. Mai yankan farcen da ya yanki yatsan mutum sau ɗaya ya gama aiki a wannan layin, wataƙila ma da 'yan uwansa duka.

Sai kuma garuruwan kansu. Wanda ya taɓa tsallaka titi a Upper Iweka ko Head Bridge da rana tsaka ya san mai cikakkiyar lafiya ma sai ya yi da gaske. Fatakwal ruwan sama ya fi rabin shekara, kwalbatoci a buɗe, katako ɗaya aka gitta a kai, ga santsi. Inugu hawa da gangara ce, mai baro ya sani. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma waya, to mai karkarwar yatsa lamba goma ta asusun banki jarrabawa ce a gare shi. Ya danna 6 a maimakon 9 kuɗi sun tafi wani wuri, ya tsaya yin a hankali lokaci ya ƙare a ce ya sake daga farko. Mun san dattijon da ya daina karɓar tiransifa gaba ɗaya saboda kunyar a ga hannunsa, cinikin goronsa ya ragu, bai gaya wa kowa dalili ba sai da ɗansa ya faɗa mana.

Kunyar nan ita ce ta fi ciwo, kuma mu ne muke ɗora ta. Ku duba cin abinci. Mu mutane ne masu haɗa hannu a faranti ɗaya, wanda loma ke zubewa daga hannunsa ko miya ke ɗiga masa a riga sai ya fara cewa ya ƙoshi. A hankali ya koma ci shi kaɗai a bayan shago, mu kuma mu ce ba ya son mutane. Wajen alwala buta ta kuɓuce ta fantsama wa na kusa, a harare shi. A sahu ya yi tangaɗi wajen tasowa daga sujada ya dafa na gefensa, a ture hannun. Alhali malamanmu kullum suna karantar da mu cewa wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, wanda damansa ya samu larura babu laifi ya ci da hagu. Addini ya yi sauƙi, mu ne muka ƙi yi.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce kunya. Mu baƙi ne a nan, duk da wasunmu a nan aka haifi kakanninsu, kuma mun san yadda ƙaramin abu ke zama babba. Saurayi Bahaushe da ke tafe yana tangaɗi, maganarsa na sarƙewa, ba ya jin Ibo ba ya jin Turancin buroka, ya bangaji tiren mai kayan miya a kasuwa, kafin ya buɗe baki an yanke masa hukuncin ɗan maye ko ɓarawo. Mun taɓa kwana a ofishin 'yan sanda a kan irin wannan, sai da muka kawo takardar asibiti aka yarda cewa ciwo ne. Ba mu ga laifin mutanen gari sosai ba, tunda kawun yaro ma da ya san shi tun haihuwa hukuncin da ya yanke kenan.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a ido. Na farko, ai da gaske akwai masu shan ƙwayar. Akwai su, ba ma musu, tiramol da sauran tarkace sun lalata mana yara da yawa. Amma bambancewa ba ta da wuya ga wanda ya so. Ɗan ƙwaya yana da lokacin da yake garau da lokacin da yake layi, kuma akwai ranar da abin ya fara. Mai larura haka yake da asuba, haka yake da dare, haka yake tun yana rarrafe. Kiran waya ɗaya zuwa gida ya raba mana gardama a kan yaron mai shayi.

Na biyu, a ce iska ce ko sammu, a kai shi wajen malam. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma muna yi. Abin da muke roƙo shi ne a haɗa da asibiti, kuma kada a jinkirta. Mutumin da bakinsa ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, awoyin farko su ne komai. Kwana biyun da ake yi ana hayaƙi da shafe-shafe, sannan a ɗora shi a mota kwana guda zuwa gida, su ne suke mayar da ciwon da zai yi sauƙi ya zama na dindindin.

Na uku shi ne mai nauyi: kuɗi. Asusun ƙungiya ba shi da yawa, kuma gaskiya ne gashin ƙashi ba zuwa ɗaya ba ne. Amma mu duba inda kuɗin ke tafiya. In ɗan uwa ya rasu, kafin la'asar an haɗa na likkafani da na mota, kuma haka ya kamata. In gobara ta tashi a kasuwa muna tashi tsaye. Rajistarmu ba ta nuna ko sau ɗaya da aka fitar da kuɗi don a kai wani wajen likitan gashi ba. Kuma ba nisa ne ya hana ba. Inugu tana da Asibitin Ƙashi na Ƙasa, ɗan uwan na Dala a Kano da na Igbobi a Legas, ga asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla. Fatakwal tana da asibitin koyarwa na jami'ar tarayya ta wajen Choba da na jami'ar jihar Ribas a cikin gari. Mutanen Anaca suna da na koyarwa a Nnewi, ga asibitin tarayya a Asaba da an haye gada. Yawancin abin da ake koyarwa a sashen gashi motsa jiki ne da za a ci gaba da yi a ɗaki, abin da ya fi hana mutanenmu shi ne rashin wanda zai raka su ya yi musu tafinta ya bi musu layin kati.

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, ta kuma haramta amfani da mai larura wajen bara. Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika tun farkon 2024. Da mun so mu zargi hukuma a kan jan ƙafa, sai muka tuna wuraren alwalarmu: tayil mai santsi, matakala mai tsawo, babu ƙarfen dafawa ko ɗaya, kuma da kuɗinmu muka gina su. Maganar bara kuwa ta shafe mu kai tsaye, don yaron da aka kora daga sana'a uku, aka ƙi mayar da shi gida saboda kunya, mun san inda yake ƙarewa.

A Kano masu shan inna sun nuna hanya tun tuni. Ƙungiyarsu da Aminu Ahmed Tudun Wada ya jagoranta ta buɗe wajen walda suna ƙera kekunan hannu da kansu, suka gyara kayan aiki ya dace da jikinsu. Abin da muke buƙata bai ma kai wannan ba. Kofin roba mai mariƙi, takalmin da ba igiya, cokali mai kaurin ƙota, riga mai zif a maimakon maɓallai, kujera biyu a ƙarshen sahu. Sai kuma a daina tsawa, a nuna aiki mataki ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya maimaita har ya zauna masa.

Yaron mai shayi dai bai hau tirela ba. Wani dillalin albasa a cikinmu ya ɗauke shi yana ƙirga buhuna in ana sauke kaya, yana riƙe masa lissafin masu bashi, yana aika saƙon murya a waya maimakon rubutu. Kawun bai gamsu duka ba, har yanzu yana cewa a zamaninsu bulala ce maganin wannan, amma ya yarda a kai shi asibiti a duba shi, kuma ma'aji ne zai raka su.

A taron wata mai zuwa ofishin sakatare zai gabatar da buƙatu uku: a ware wani kaso na asusun taimako don kuɗin kati da na mota zuwa sashen gashi, kowane reshe ya ba da sunan mutum ɗaya mai jin Turanci da zai riƙa rakiya asibiti, sannan kada a ƙara sa wani yaro a mota da sunan ya kasa sana'a sai shugaban reshe ya zauna da shi ya kuma kira gidansu. Muna roƙon masu girma sarakunan Hausawa da limamanmu na garuruwan uku su turo wakilai. Masu walda a cikinmu kuma su zo da kiyasin kuɗin ƙarfen dafawa na wajen alwala.

Daga ofishin Sakataren Ƙungiya.