Kafin ka zuba kuɗin furojet a katin sauti mai bit 24

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, sai ka ji 'yan sashen lantarki masu son haɗa rediyon kama sigina daga nesa suna maganar abu ɗaya: wai sai an sami katin sauti mai bit 24, don mai 16 ba ya jin sigina mai rauni. Ni dai ra'ayina, yawancinmu asarar kuɗi za mu yi.

Mu yi lissafi. Kowane bit ɗaya yana ƙara kusan desibel 6 a tazarar da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba da kati zai iya ɗauka. Mai 16 yana ba da kusan 96, mai 24 kuma 144 a takarda, ko da yake a aikace hayaniyar kayan cikinsa ba ta barinsa ya kai nan. Wannan ƙari yana da amfani ne kawai idan katin shi ne ya fi komai hayaniya a cikin na'urarka. To, a Zariya ba haka abin yake ba. Ɗaura eriya a Samaru da daddare ka ji: janareta, inbata, cajar waya mai araha, fitilun LED, kowanne na zuba tasa ƙarar. A Sabon Gari kusa da kasuwa kuwa, ba a magana. Wannan shuuu ɗin ta riga ta binne siginar tun kafin ta iso kwamfuta, kuma kati mai bit 24 ita ɗin dai zai ɗauko maka.

Dubi tsarin FT8, wanda Joe Taylor, mai kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halitta a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Yana tsinto saƙon da ke kusan desibel 20 ƙasa da hayaniya, amma manhajarsa WSJT-X da sauti mai bit 16 take aiki. 'Yar sandar nan RTL-SDR ma bit 8 ce kacal, kuma mutane na kama tashoshi da ita a duniya.

Gaskiya akwai inda bit 24 ke da rana: idan katin ne ke ɗaukar faɗin zango gaba ɗaya, ga tasha mai ƙarfi kusa da mai rauni. Amma furojet nawa ne a cikinmu ya kai nan?

Shawarata, ka sa kuɗin a eriya. Waya mai tsawon kusan mita 5 kowane ɓangare ta isa sauraron 14.074 MHz, inda 'yan FT8 ke taruwa. Ɗaga ta sama, nesa da wayoyin wuta, ka cire caja ka yi aiki da batir, ka auna hayaniya kafin da bayan haka. Wannan awon shi za ka nuna wa malamai ranar kare furojet. Ka tuna kuma, watsawa sai da lasisi.