Sharhi: Yaron da ke jinyar tsofaffi a Amurka bai ɓata hanya ba

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram mun sha jin wannan kuka daga bakin uwaye: "Mun sayar da fili mun tura yaro Amurka ya yi karatun likita, yau ga shi yana wanke tsofaffi a gidan jinya." Alhazai da hajiyoyi, kafin ku ɗaga waya ku yi masa faɗa, ku tsaya ku ji yadda abin yake.

A can akwai wani aiki da ake kira mataimakin likita. Mai wannan aiki yana duba marar lafiya, ya gano ciwo, ya rubuta magani, tare da babban likita. Ya ɗan yi kama da majo na asibitin ƙauye a nan gida, amma karatunsa ya fi zurfi. A shekarar 1965 ne Dakta Eugene Stead ya buɗe wannan karatu a jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, jihar da ƴan Nijar da dama ke zaune a cikinta, musamman a garin Greensboro. Ɗaliban farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na sojan ruwa, mutanen da hannunsu ya riga ya saba da majinyata.

Har yau wannan tushe bai sake ba. Mai neman shiga sai ya gama jami'a ta shekara 4 tukuna, da sakamako mai kyau a ilimin jikin ɗan Adam da na sinadarai. Bayan haka makarantu da yawa na son ya nuna cewa ya yi aiki da majinyata hannu da hannu, wasu awa 1.000, wasu har 2.000. Ke nan wankan tsohon nan da kuke jin kunyarsa shi ne jarin yaron. Kowace awa ana lissafa ta.

Takardun neman shiga ta intanet ake aika su, ta wata kafa mai suna CASPA da ke buɗewa a ƙarshen watan Afrilu, kuma kowace makarantar da aka ƙara sai an biya kuɗɗinta. Wanda takardunsa suka yi kyau sai a kira shi ganawa. A wasu makarantu ɗaki-ɗaki zai bi, kowane ɗaki ƴan mintoci, a ajiye masa matsala a gabansa: majinyaci ya ƙi shan magani, ko abokin aiki ya yi kuskure ya ɓoye. Hadda ba ta fid da mutum a nan. Wanda ya taɓa kwana kan majinyaci shi ke da abin faɗa.

Masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawa sai a karo na biyu suke samu. In an ɗauki yaro, karatun wata 27 ne ko kusa da haka, kuɗɗinsa a makarantu da dama na kusan dalar Amurka 100.000, sannan akwai jarrabawar ƙasa kafin a ba shi izinin aiki.

Don haka kiranmu biyu ne. Na farko, a rage wa yaran nan nauyin aike. Wanda kowane wata ake jiran kuɗɗin cefane da na biki daga wurinsa zai bar karatu ya koma tuƙin taksi dare da rana. Na biyu, a yi hattara da ƴan damfara masu cewa sun san wani da zai sama wa yaro kujera. Wannan ƙofa ba ta da dillali.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa yaron shago sai ya yi shekaru yana ɗaukar kaya kafin maigida ya sallame shi da jari. Sauri ya haifi nawa. A bar yaran su koyi aikin daga ƙasa.